Na cire ɗana daga makaranta, ga shi koyar da shi a gida yana neman gagarata

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kaduna, ina da yara biyu. Babban namiji ne mai shekara shida da 'yan watanni, ƙaramar kuma tana goye. Yaron yana aji biyu na firamare a wata makarantar kuɗi. Daga tsakiyar zangon da ya wuce sai ya canza mana gaba ɗaya. Kullum da safe sai ya ce cikinsa yana ciwo, ya koma fitsarin kwance bayan ya fi shekara biyu da dainawa, kuma sau biyu ina ganin shatin bulala a bayansa. Da na je makarantar, malamar ajin ta ce ba ya iya kwafar rubutu daga allo, kullum shi ne na ƙarshen gamawa, har ta kira shi daƙiƙi a gabana. Na roƙi maigida muka cire shi a kan zan riƙa koya masa da kaina, tunda ina da takardar shaidar malanta ta NCE, ko da yake ban taɓa koyarwa ba. Ya amince, amma ba da zuciya ɗaya ba. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce zan sangarta yaro in mayar da shi ɗan ɗaki.

Na sayi farin allo da littattafai, na tsara karatu daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya na rana kamar yadda ake yi a makaranta. Yau mako uku ke nan, amma kullum sai an yi kuka. Da ya ga na ɗauko littafi sai ya gudu bayan kujera. Shekaranjiya raina ya ɓaci na mare shi, daga baya na shiga ɗaki na yi ta kuka. Anti, kuskure na yi? In mayar da shi ne? Kuma wata maƙwabciyata ta ce hukuma za ta iya kama mu. Ki taimaka min da shawara.

Daga wata uwa a Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hoton yaro ɗan shekara shida yana ɓuya a bayan kujera saboda ya ga littafi. Yaron da yake yin haka ba ƙiwa ce ke damunsa ba, tsoro ne. Ciwon cikin safe, da komawa fitsarin kwance, da shatin bulala a baya, duk alamu ne da uwa mai hankali ba za ta gani ta kawar da kai ba, don haka ba zan ce kin yi kuskure da kika ɗauke shi daga wannan aji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda nake ganin kin yi tuntuɓe shi ne abin da ya biyo baya: kin ɗauko makarantar da ya gudo daga gare ta, da allonta da jadawalinta na awa biyar, kin kafa ta a tsakiyar falonki. A idon yaron, wurin da a da yake zuwa ya huta shi ma ya zama aji, uwar da yake fakewa a jikinta kuma ta zama malama.

Game da marin, kin riga kin hukunta kanki fiye da yadda wani zai hukunta ki. Ki zaunar da shi a cinyarki ki ce masa kin yi ba daidai ba kuma ba za ki sake ba, domin ba da haƙuri ga yaro ba ya rage wa uwa daraja, kuma shi ne zai fara raba ki da waccan malamar a zuciyarsa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da labarin cewa ko “tir” bai taɓa ce masa ba. Ko salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, sai a shekara bakwai aka ce a fara umartar yaro da ita. Naki bai ma kai bakwai ɗin ba.

Kafin ki sake buɗe masa littafi, ina so ki fara da asibiti. A shekarun da na yi ina riƙe alli a firamare, na taɓa samun wata yarinya a aji uku wadda kowa ya yanke mata hukuncin rashin ƙoƙari. Tana zaune a bencin baya, kuma na lura ba ta taɓa kallon allo in tana rubutu, sai dai ta karkata kai ta leƙa littafin ta kusa da ita, in kuwa aka tilasta mata kallon allon sai ta ƙanƙance ido har goshinta ya tattare. Na ɗauka satar amsa take yi, na sha yi mata faɗa a kan haka, abin da har yau yake damuna. Ranar da mahaifinta ya kai ta aka auna idonta aka ba ta tabarau, ta dawo tana nuna min ganyen darbejiyar bakin aji tana cewa ashe ɗaya-ɗaya suke. Ƙorafin malamar ɗanki shi ne ba ya iya kwafa daga allo, to abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne ko yana ganin allon. Mu mutanen Kaduna mun yi sa'a, domin Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana nan garin, haka ma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, alhali wasu daga jihohi masu nisa suke yo tattaki zuwa gare su. Ki sa a duba idon da kunnen duka. Sannan ki gaya wa likitan yara maganar fitsarin kwancen, domin ko da yake firgici yana jawo shi, wani lokaci ciwon mafitsara ne ko wata larura da gwajin fitsari zai nuna. Idan duk waɗannan suka fito lafiya, amma bayan ya wuce shekara bakwai yana ta fama da haɗa haruffa duk da koyarwa mai kyau, to sai a nemi masanan matsalolin koyo su duba shi, domin akwai yara masu kaifin basira da karatun baƙi yake yi wa nauyi. Amma juya harafi, kamar rubuta b a madadin d, abu ne da aka saba gani a shekarunsa, kada ya tayar miki da hankali.

Bayan haka, ki sauke allon nan ki jingine shi a bayan ƙofa na tsawon mako biyu ko uku. Na san za ki ji kamar lokaci yana ƙure miki, sa'o'insa suna gaba shi yana zaune. Ki tuna cewa a ƙasar Finlan sai a shekarar da yaro zai cika bakwai yake shiga aji ɗaya, kuma ba a san yaransu da koma baya a karatu ba. Ɗanki da yake aji biyu yana ɗan shekara shida, gaba aka tura shi, domin a tsarin ƙasarmu ma shekara shida ita ce ta shiga aji ɗaya. Makarantun kuɗi da yawa suna gaggauta yara don iyaye su ga an yi nisa, sai a ɗora wa hannun da bai gama ƙwari ba kwafar shafi guda. A waɗannan makonni ki bar shi ya yi barci ya ƙoshi, ya yi wasan ƙasa, ya taya ki tsince wake, ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, ki kuma karanta masa labari yana jingine da ke ba tare da kin tambaye shi komai a kai ba. Manufar ita ce ya sake ganin littafi a hannunki bai ji gabansa ya faɗi ba.

Idan kun koma karatu, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana ta wadatar, ita ma a rarrabe, minti goma sha biyar ana yi ana hutawa. Kada wannan ya ba ki mamaki. Awa biyar ɗin makaranta, mafi yawanta tana tafiya ne a taron safe, da kiran suna, da tsawatar wa yara arba'in, da jiran kowa ya gama kwafa, da hutun tara. Abin da malama take ba kowane yaro shi kaɗai a yini bai taka kara ya karya ba, ke kuwa ɗalibinki ɗaya ne. Ki zaɓi lokacin da ƙanwarsa take barcin hantsi, domin koyarwa da goyo yana kuka a baya ita ce hanya mafi kusa zuwa ɓacin rai, kuma ina kyautata zaton a irin wannan yanayi ne hannunki ya kufce shekaranjiya.

Abu uku kawai nake so ki riƙe a wannan shekara, wato karatu, da rubutu, da lissafi, sauran darussa za su shigo ta hanyar hira. Karatun kuma ki fara masa da Hausa. Na san wasu iyaye suna ganin wannan ci baya ne, tunda Turancin ake biyan kuɗi dominsa, amma ki duba yadda abin yake. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake furta shi, don haka yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu, da ka, ke, ki, ko, ku, a ranar zai iya haɗa “baki” da “biki” da “kuka”, ya kuma san abin da ya karanta domin kalmomin gidansu ne. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya yana iya fita da sauti uku ko huɗu, ga shi yaron bai san ma'anar kalmar ba balle ya gane ya yi daidai ko bai yi ba. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta zo da cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa a farkon firamare, kuma abin da na gani da idona a aji shi ne yaron da ya iya karanta harshensa ba ya daɗewa yake kama karatun Turanci, domin sirrin haɗa baƙi da wasali ya riga ya buɗe masa. Turancin ki riƙa shigo da shi ta baki tukuna, da gaisuwa da waƙa da sunayen kayan gida, bayan wata biyu ko uku sai ki kawo sautukan haruffansa.

Wajen rubutu, ki zuba yashi mai laushi a faranti ko tire ya riƙa zana harafi da yatsa. Idan ya ɓata sai ya girgiza farantin ya sake, babu jan biro, babu shaidar kuskure da za ta zauna tana kallonsa. Daga nan sai gawayi ko alli a dandamalin tsakar gida, fensir ya zo daga ƙarshe, layi biyu ko uku kawai a rana. Lissafi kuwa yana cikin kicin ɗinki. Ki tara murafen kwalba ko ƙwallayen dabino ya riƙa kasa su goma-goma, ya ƙirga miki cokula, ya auna miki gwangwani nawa ne suke cika mudu. Ki ba shi naira ɗari biyar ku je wurin mai kanti tare, ya sayi abin ɗari uku, ki bar shi ya faɗi canjinsa kafin a miƙo. Domin kada ki yi tafiya a duhu, ki nemi manhajar firamare ta hukumar NERDC, wadda ita ce take tsara abin da ake koyarwa a kowane aji a faɗin ƙasar nan, ko ki roƙi wata malamar firamare ta ba ki tsarin darussan aji ɗaya da na aji biyu ki kwafa. Ki riƙa dubawa sau ɗaya a wata don ki san inda kuke, ba kullum ba.

Rana ɗaya a mako ku fita. Gidan adana kayan tarihi da yake kan titin Ali Akilu, da Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, da Ƙofar Gamji inda zai ga kogin Kaduna da tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, da kasuwar Kawo ranar Talata, kowannensu darasi ne da ya fi shafi goma na kwafa. Idan kun dawo ya zana abin da ya gani, ya ba ki labari ke kuma ki rubuta masa da kalmominsa, gobe ku karanta tare.

Yanzu ga maganar maƙwabciyarki, wadda ba zan raina ta ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta wajabta wa kowane uba ko uwa ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu daga nan gaba. Dokar ba ta ambaci karatun gida ba. A Amurka an halatta shi a dukkan jihohi hamsin, a Ingila ma doka ta yarda da shi, Jamus kuma ta hana, amma a nan ba a yi masa wani tsari na musamman ba. An yi dokar ne domin yaran da aka bari suna gararamba babu karatu, wanda ba shi ne halin ɗanki ba, sai dai duk da haka ba na so ki zauna a ɓoye kamar mai laifi. Maigida ya je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku ya bayyana halin da ake ciki ya ji abin da za su ce, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Ke kuma ki karɓo takardar sakamakonsa ta ƙarshe da takardar canjin makaranta daga inda ya baro, ki haɗa da takardar haihuwarsa a jaka ɗaya, ki kuma ware littafi kina rubuta kwanan wata da abin da kuka yi kowace rana, tare da adana ayyukansa. Duk makarantar da za ki kai shi nan gaba za ta yi masa gwajin shiga, kuma wannan jaka ce za ta yi miki magana. Idan kuma kuna ganin dukan da aka yi masa ya wuce gona da iri, jihar Kaduna tana da hukumar tabbatar da ingancin makarantu wadda take sa ido a kan makarantun kuɗi, kuna iya kai ƙorafi a rubuce, ko don sauran yaran da suke cikin ajin har yanzu. Ita malamar, ban wanke ta ba, domin kalmar da ta faɗa a gabanki ba ta dace da bakin mai tarbiyya ba, amma na san da yawa daga cikinsu ana ba su aji cike da yara da albashin da ba ya kai su tsakiyar wata, ba tare da wani horo ba, sannan a auna ƙoƙarinsu da yawan shafukan da yara suka cika.

Maigidanki ya amince ba da zuciya ɗaya ba, kuma ina ganin yana da hujja. Uba yana hango jarrabawar shiga sakandare da takardar shaida da ranar da za a tambaye shi ajin da ɗansa yake, kuma abin da yake tsoro shi ne tafiyar da ba ta da iyaka. To ki sa mata iyaka. Ku zauna ku yi yarjejeniya a kan zango ɗaya ko biyu, ku faɗi abin da kuke so ku gani a ƙarshensa, misali yaron ya daina ciwon cikin safe, ya karanta gajeren labari da Hausa shi kaɗai, ya iya tarawa da ɗebewa har zuwa ashirin. Idan lokacin ya cika ku nemi wata gogaggiyar malama da ba ta da alaƙa da ku ta gwada shi, domin uwa ba ta iya auna ɗanta da adalci, ko dai ta sassauta ko ta tsananta. Ki kuma ba maigidan nasa kason, ko da minti goma ne bayan sallar isha'i yaron ya karanta masa abin da ya koya, domin mutum ba ya kushe aikin da hannunsa yake ciki.

Hajiya kuwa, kada ki yi jayayya da ita, kuma ki bar ɗanta ya yi mata bayani da bakinsa. A cikin maganarta akwai gaskiyar da ya kamata ki ɗauka: yaro namiji da yake wuni da uwarsa da jaririya, ba ya gogayya da sa'o'insa, zai rasa abin da littafi ba ya bayarwa, wato jiran layi, da rabon abin wasa, da faɗa da shiryawa, da jin maganar babban da ba iyayensa ba. Maganin wannan yana kusa. Ki bar shi a Islamiyyar yamma, bayan kin je da kanki kin ga yadda malaman suke bi da yara, kada a gudu daga bulala a faɗa wa dorina. Ya riƙa bin babansa masallaci, ya buga ƙwallo da yaran layi, kuma idan akwai maƙwabta masu yara sa'anninsa ku riƙa haɗa su sau biyu a mako. Ita kanta Hajiya ki jawo ta cikin aikin, ki roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniya da kacici-kacici da tarihin danginsu duk ranar da kuka je gaishe ta, ki kuma gaya mata cewa wannan darasin nata ne. Karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke bin garuruwa suna koyar da mata a cikin gidajensu, kuma har gobe yara da yawa a zauren gidansu suke fara riƙe allo. Hajiya ta san wannan fiye da mu.

Akwai kuma tambayar da nake so ki yi wa kanki tsakaninki da Allah: za ki iya ɗaukar wannan nauyi kullum, ga goyo ga girki ga hidimar gida? Idan bayan wata biyu kika ga kullum a gajiye kike, kina yawan tsawa, karatun kuma ana yi yau a fasa gobe, to wannan ba gazawa ba ce, kuma akwai hanyoyi a tsakani. Kina iya ɗaukar malamar lesin mai haƙuri ta riƙa zuwa sau uku a mako ke kina cike sauran. Kina iya neman ƙaramar makaranta mai yara kaɗan a aji, ki shiga ki zauna ki kalli darasi guda kafin ki biya ko sisi, ki tambayi shugabar makarantar kai tsaye ko suna duka, sannan ki sa shi a aji ɗaya maimakon biyu, domin maimaita aji a wannan shekarun ya fi a ja shi yana rarrafe har aji shida. Kada ma ki raina makarantar gwamnati ta unguwarku kafin ki leƙa ta, domin wani lokaci a can ake samun tsofaffin malamai masu horo da sanin hannun yara. A ra'ayina, ga yaro irin naki, karatun gida ya fi dacewa ya zama na shekara ɗaya ko biyu, ya warke ya iya karatu ya sami ƙarfin zuciya, sannan ya koma cikin 'yan uwansa yara tun kafin a fara shirin jarrabawar shiga sakandare.

A wannan makon dai abin da nake so ki yi kaɗan ne: ki ba shi haƙuri, ki sauke allon, ki karɓi katin ganin likitan ido. Idan kun yi wata guda ki sake rubuto min ki gaya min abin da likita ya ce, da kuma ko yaron ya fara matsowa da kansa idan ya ga littafi a hannunki. Allah ya raya miki su, ya sanya albarka a cikin karatunsa, ya kuma ba ki haƙurin tarbiyya. Ki gaida maigidan da Hajiya.